Kulob ɗin jirgi mara inji: masu leƙowa da yawa, masu zama kaɗan

Tambaya: Ina da shagon kayan abinci a Ingila, kuma na shekara 6 a wani kulob na masu tuƙa jirgin sama mara inji. Bana aka ba ni ma'aji. Da na duba littafi sai na ga yawancinmu mun haura shekara 60, kuɗin shiga yana ja da baya, matasa kuma su zo sau ɗaya su ɓace. Kwamiti na so a zuba kuɗi a tallan Facebook. In sa hannu?

Amsa: Alhaji, Allah Ya taya ka riƙo. Kada ka sa hannu tukuna. Ka fi ni sanin cewa ribar shago tana wurin wanda ya dawo saye karo na biyu. Ɗauko sunayen duk waɗanda suka biya kuɗin tashin gwaji bara, ka ƙirga nawa ne suka sake tako filin. In kaɗan ne, tulunku ne ke yoyo, talla kuwa ƙarin ruwa ne kawai.

Ka tsaya a matsayin baƙon. Ya iso da sanyin safiya, ya taya tura jirgi, ya riƙe fiffike, ya janyo igiyar da ake jan jirgin da ita har ya tashi. Kafin jirgi ɗaya ya tashi sai an sami mai injin jan igiya, mai ba da alama, mai rakiyar fiffike, da malami a kujerar baya. Sai la'asar layi ya zo kansa. Igiya ta cilla shi sama, in ba a dace da iska mai ɗumi da ke ɗaga jirgi ba, cikin minti 5 ko 6 ya sauko. Yini guda ke nan. Dattijon da ya yi ritaya yana jin daɗin wannan zaman, don hirar ma wani abu ce a wurinsa. Amma mai shekara 35 da aiki da yara ƙanana ba zai iya ba, alhali shi ne mai kuɗin biya, shi ne kuma malaminku na gobe. Nan hankalina ya fi karkata. Ku raba yini biyu, mutum ya kama lokacinsa ta waya, ya san in ya ba da safiyarsa zai tashi sau 3 da malamin da ya san inda suka tsaya. Na san za a yi gunaguni cewa da can ba haka ake yi ba. Ku gwada ranar Asabar kaɗai na wata 3, littafi ya raba gardama.

Kuɗi kuma, mai koyo ba tsada ce ta fi tsorata shi ba, rashin sanin iyakarta ne. Ku yanke farashi ɗaya daga ranar farko har ranar da zai tashi shi kaɗai, a biya wata-wata. Wasu kulob-kulob a nan Ingila suna yin haka.

Matasa kuwa, doka ta yarda ɗan shekara 14 ya tashi shi kaɗai, tun bai isa tuƙa mota ba. Wato wani ne zai kawo shi. Uwar da ta zauna a mota awa 4 babu mai ce mata sannu ba za ta dawo ba. Ɗaki mai ɗumi da shayi da banɗaki mai tsabta sun fi talla aiki. Ku sassauta wa yaran kuɗi su biya da aikin fili, ku karɓe su uku-uku ko huɗu-huɗu, don yaro ɗaya tilo cikin dattawa ba ya daɗewa. Ƙungiyar BGA, wadda ke kula da wannan wasa a Birtaniya tun 1929, tana da sashen matasa 'yan ƙasa da shekara 26. Ku tuntuɓe su.

Dattawanku su ne jarin kulob, su ke koyarwa kyauta, su ke gyaran jirage. Ka roƙi kowannensu ya ɗauki sabon shiga ɗaya, ya riƙe sunansa, ya buga masa waya in an yi mako 2 ba a gan shi ba. Kuɗin tallan ka ajiye shi har bazara mai zuwa, in ka sake ƙirgawa ka turo mini adadin.