Ɗalibata tana kai wa na'ura kukanta: mu karɓi manhajar ko mu ƙi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dakta. Ni malama ce a wata babbar sakandaren kwana a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, a unguwar Aboabo nake zaune. Ina shiga aji kamar kowa, kuma ni aka ɗora wa aikin ba ɗalibai shawara, ga su sun kusa dubu biyu. Watan jiya wasu mutane suka zo da manhajar ƙirƙirarriyar basira, suka ce in an saka ta a kwamfutocin hannun da gwamnati ta raba wa yara, za ta riƙa hira da su, ta kwantar musu da hankali, ta kuma sanar da makaranta idan ta gano wanda ke cikin damuwa. Hedimasta ya ce in ba da ra'ayina. Sai ga shi a makon nan wata ɗalibata 'yar aji uku, 'yar Zango, ta ce mini duk hutun da ya wuce da dare take ɗaukar wayar mamarta ta gaya wa manhajar hira ta Meta AI abin da ke cin ta, wai "shi ba ya kai gulma". Maganar ta tsaya mini a rai. Mu karɓa ko mu ƙi?

Malama daga Aboabo

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara miki juriya, aikin mutum biyar kike yi ke kaɗai.

Ni ma maganar yarinyar nan ce ta fi tsaya mini. Abin da ta yi ba sabo ba ne. A 1966 wani masani mai suna Joseph Weizenbaum ya haɗa wata manhaja, ELIZA, a jami'ar MIT ta Amurka. Ba ta san komai ba, maganarka take juyawa ta mayar maka da ita a matsayin tambaya. Duk da haka sakatariyarsa, wadda ta ga yadda aka haɗa abin da idonta, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi magana da ita a keɓe. Abin da ɗalibarki ta samu a wayar nan kunne ne wanda ba ya yi mata tsawa. Ke ma kin san yadda muke tarbiyya a Zango: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yarinya ta ce ba ta iya barci, a ce "me kika rasa a gidan nan?" Ta sake faɗa, a ce ta ƙara addu'a. Ta faɗa a waje, kafin la'asar an ce 'yar gidan wane ta samu taɓin hankali, kuma tabon har ƙannenta zai bi ranar neman aure. Don haka kada ki ga laifinta.

Amma ya kamata ki san da wa take magana. Waɗannan manhajojin an ciyar da su rubutu mai ɗimbin yawa, suka koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Sannan an gyara su yadda amsarsu za ta yi wa mai tambaya daɗi, shi ya sa suke yawan gaskata mutum ko da ya kama hanyar da ba ta ɓullewa. Kuma ba sa ganin kowa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A ɗakin da nake ganin marasa lafiya, rabin abin da nake ganowa ba daga baki yake fitowa ba: ramar da yaro ya yi, yadda yarinya ke murza bakin hijabinta, shirun da ke biyo baya idan na ambaci mijin mamarta.

Ba zan ce ba su da amfani ba, don bincike ya nuna akwai. A 2017 an gwada manhajar Woebot a kan matasa 70 na tsawon mako biyu, waɗanda suka yi amfani da ita alamun damuwarsu suka ragu. A 2025 masu bincike na jami'ar Dartmouth suka buga sakamakon gwajin wata manhajar mai suna Therabot a kan mutum 210, shi ma an ga sauƙi. Sai dai ki lura: duk manya ne, ba yara 'yan sakandare ba, a Amurka, da Turanci, kuma a gwajin na biyu akwai ƙwararru da ke bibiyar hirarrakin, a shirye suke su kira mutum in sun ga haɗari. Ga kuma ɗaya ɓangaren. A 2023 wata ƙungiya a Amurka da ke taimakon masu matsalar ƙin cin abinci ta dakatar da manhajarta mai suna Tessa, bayan an same ta tana ba irin waɗannan mutanen shawarar rage ƙiba. A 2024 wata uwa a jihar Fulorida ta kai wani kamfani kotu bayan ɗanta mai shekara 14 ya kashe kansa, ya shafe watanni yana shaƙuwa da wata manhajar hira. A 2025 jihar Ilinoyis ta yi dokar hana ƙirƙirarriyar basira tsayawa a matsayin mai jinyar ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi damuna ga yaranmu shi ne harshe. Ɗan Asawase ko Aboabo ba zai rubuta "ina da ciwon damuwa" ba. Cewa zai yi kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikinsa. Saƙo ɗaya zai fara da Hausa, ya ratsa Twi, ya ƙare da Turancin buroka. Mafi haɗari kuma, maganar da ta fi nauyi a bakinmu da ladabi take fitowa. "Na gaji." "Gara in huta kowa ya huta." "Ku yafe mini duk abin da na yi muku." Ke da kika tashi a nan, in yarinyar da ta yi wata guda ba ta cin abinci ta bi ƙawayenta tana neman gafara tana rabar da kayanta, jikinki zai yi sanyi nan take. Na'ura kuwa tana iya yaba mata da kyawun hali. Na san ana aiki a kan harsunanmu, Google ma ya buɗe cibiyar binciken wannan fasaha a Akra tun 2019. Amma fassara kalma daban, gane abin da ke ƙarƙashinta daban. Haka in yaro ya ce aljanu ne ko sammu aka yi masa. Ni ba na gardama da iyaye a kan wannan, nakan ce a ci gaba da addu'a da ruƙiya, a kuma bar mu mu yi namu, kuma malamai da yawa a unguwanninmu suna ba mu haɗin kai. Wannan sasanci sai wanda ya san gidan da mutanensa.

Saboda haka kafin a sa hannu a kowace takarda, ki ce su ba ki manhajar ki zauna da ita awa ɗaya. Ki rubuta mata irin waɗancan maganganun, da irin rubutun da yaranki ke yi. Abin da ta amsa miki zai fi duk bayanin masu talla.

A ce ta ci wannan jarrabawar. Saura tambayar da nake so ki yi wa Hedimasta a gaban kowa: idan da ƙarfe biyu na dare manhajar ta aiko cewa wata yarinya a ɗakin kwana tana cikin haɗari, wayar wa za ta yi ƙara, wa zai tashi, ina za a kai ta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ki auna wannan da yawan ɗalibanki, za ki ga lissafin ya haura yara ɗari biyu, ga ki ke kaɗai. Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017 makarantu suka cika, masu ba da shawara kuwa kin fi ni sanin yadda suke. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Akra da Pantang da Ankaful, duk a kudu can bakin teku. Mu a nan da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye muka dogara, sai nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa da ke asibitocin gundumomi. Ki sa yaro ya buɗe cikinsa sannan a rasa mai zuwa, kin koya masa cewa faɗar ma ba ta da amfani. Wannan cutarwa ce, ko da niyyar mai kyau ce.

Sai sirri. Dokar kare bayanai ta 2012, wato Doka ta 843, ta sa bayanin lafiyar mutum cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, kuma wajibi ne mai tara bayanan mutane ya yi rajista da hukumar da ke kula da hakan. Ki nemi shaidar rajistarsu, ki tambayi inda ake ajiye hirar yara, wa ke karantawa, yaushe ake gogewa, kuma a nemi yardar iyaye. Ki tsaya tsayin daka a kan cewa abin da yaro ya rubuta ba zai je gaban kwamitin ladabtarwa ba. Ranar da aka kori yarinya ɗaya saboda abin da ta gaya wa manhajar, daga ranar sauran duk "lafiya lau" za su riƙa rubutawa.

Ra'ayina ke nan: kada ku karɓi manhajar da za ta zauna a kujerarki. Ku yi amfani da fasahar a bayanki. Ta taya ki tsara jawabin da za ki yi wa 'yan aji uku kan fargabar WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ta taya yaro tsara lokacin karatu da na barci, ta koya masa yadda ake sassauta numfashi in zuciya na bugawa, ta ba ɗalibi hanyar neman ganinki ba tare da ya tsaya a ƙofar ofishinki kowa na kallo ba. Kada ki taɓa shigar da sunan yaro ko labarinsa a cikinta. In kuma akwai kuɗin da aka ware, ki roƙi a rage miki darussa, a horar da malaman da ke kula da ɗakunan kwana, a kuma ƙulla zumunci da nas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa mafi kusa, lambarta ta kasance a wayar kowannenku.

Ita kuwa ɗalibarki, kada ki bari makon nan ya wuce. Tun da ta gaya miki sirrin wayar, ƙofa ta buɗe miki. Kada ki ce ta daina, kada ki kai ƙara gida tukuna. Ki zauna da ita inda ba kowa, ki ce, "'Yata, abin da kike gaya masa, ko kaɗan ne ki gaya mini." Ki tambayi barcinta da cin abincinta, da tun yaushe abin ya fara. Sannan ki yi tambayar da kowa ke tsoro, kai tsaye: ko ta taɓa tunanin kashe kanta? Tambayar ba ta saka tunanin a ran wanda ba shi da shi, mai shi kuma sauƙi yake ji. Tun 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, don haka ba maganar 'yan sanda ba ce, maganar asibiti ce. In ta ce e, ko ta ambaci hanya ko rana, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar, in da gaggawa a kira 112. In ta ce a'a, ki tambaye ta wa ta fi yarda da shi a gida, inna ce ko gwaggo ko yayarta, ku shirya tare yadda za a gaya wa wannan mutumin kafin hutu mai zuwa. Ki sa mata ranar da za ta dawo wurinki, in ba ta zo ba ki aika a kira ta.