Me ya sa cocin ƙauyen Saint-Nectaire ya fi ƙarfin ƙauyensa?

Tambaya: Malam, na ga hoton cocin Katolika na Saint-Nectaire a Faransa. Me ya kawo gini mai girma haka a ƙaramin ƙauye, kuma me ya sa bangonsa kauri, tagoginsa ƙanana?

Amsa: Ƙauyen yana yankin Auvergne mai duwatsu, a tsakiyar Faransa, kuma mazaunansa a yau ba su kai dubu ba. Sai dai da alama ba don su kaɗai aka yi ginin ba. Sufayen gidan ibada na La Chaise-Dieu ne suka gina shi a ƙarni na 12 a kan tudun Cornadore, inda ake girmama kabarin waliyyi Nectaire, wanda al'adar wurin ta ce shi ya kawo addinin Kirista yankin, saboda haka wataƙila maziyarta daga nesa aka yi wa tanadi.

Batun kauri kuwa, rufin ne ya jawo shi. Maginan wannan zamani sun bar rufin katako, wanda gobara ke ci, suka koma rufin dutse mai lanƙwasa kamar baka. Irin wannan rufi yana danna ƙasa, yana kuma tura bango waje, don haka duk tagar da aka faɗaɗa ta rage wa bango ƙarfi. Ni a ganina, wannan duhun shi ne kyan wurin, domin yana jan idon mai shiga zuwa gabas, inda ginshiƙai shida suka kewaye bagade, kawunansu sassaƙe da labaran Linjila, har da sauran fenti a jikinsu. Mutanen da yawancinsu ba su iya karatu ba, a jikin dutsen nan suke ganin abin da ake yi musu wa'azi a kai.

Hasumiyar ƙararrawar da kake gani a hoto ba ta asali ba ce: an rushe ta farko a lokacin juyin juya halin Faransa, aka sake ɗaga ta a ƙarni na 19, bayan an sa cocin cikin jerin gine-ginen tarihi a 1840. A ƙarƙashin dokar 1905 da ta raba gwamnati da coci, irin waɗannan tsofaffin cocin ƙauye mallakar ƙaramar hukuma ne, amma an bar wa mabiya su ci gaba da ibada a ciki.