Amsa ga ƙanwarmu ta Dublin: bayan faretin Maris, ki kai yaran bikin Agusta

Wa alaikis salam ƙanwata, barka da zuwa, Allah ya sa kin shigo a sa'a. Kin ce aikin jinya ya kawo ki Dublin, ke da maigida da yara, ba ku da mota tukuna. Kina so yaran su san al'adun mutanen Ayilan, amma an ce miki bikin Saint Patrick shaye-shaye ne zalla, kuma kina tambaya ko jirgin ƙasa zai kai ku inda ake bukukuwa. Zai kai ku har tsakiyar gari. Maganar giya kuma da gaskiya a ciki, sai dai wanda ya faɗa miki bai ƙarasa ba.

Ranar 17 ga Maris, ranar tunawa da Saint Patrick, waliyyin da Kiristocin Ayilan suka ɗauka majiɓincin ƙasarsu, hutu ce a ƙasar tun 1903. Faretin Dublin yana tashi da ƙarfe 12 na rana daga Parnell Square, ya bi ta titin O'Connell ya ƙetare kogi. Da rana harkar iyali ce: 'yan badujala, manyan mutum-mutumi, yara sun sha kore tun daga hula har safa. Ku isa tun wajen ƙarfe 10, in ba haka ba ƙeyar mutane kawai yaranki za su gani, don cunkoson ya yi kama da Kantin Kwari ranar jajibirin sallah. Ana watsewa ki tattara su ku kama hanyar gida. Daga la'asar zuwa dare, musamman unguwar Temple Bar, ba wurin mai yara ba ne. Ki kuma sa musu rigar ruwa, Maris a nan ba ya da alkawari.

Ni dai a ganina faretin nan na baƙi ne fiye da na 'yan gida. Asalin yin fareti a ranar ma 'yan Ayilan da ke Amurka ne suka ɗaukaka shi. Yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta kashe dankali, ta ci mutum kusan miliyan ɗaya, fiye da miliyan kuma suka bar ƙasar, kuma su da jikokinsu ne suka mayar da ranar abin nuna asali a New York da Boston. Bikin Dublin na kwanaki da kike ganin tallarsa a 1996 aka fara shi. Idan malamar yaranki ta ji daga Najeriya kuke, kada ki yi mamaki ta ce ai waliyyinmu ɗaya, domin 'yan Katolikan Najeriya ma Saint Patrick ne majiɓincinsu tun 1961, saboda yawan limaman Ayilan da suka yi aikin mishan da makarantu a can.

Abin da nake so ki ajiye kuɗi da hutu dominsa shi ne Fleadh Cheoil, bikin kiɗan gargajiya da ake yi a Agusta. Ƙungiyar Comhaltas ce ke shirya shi tun 1951, lokacin da masu kiɗan suka ga sana'ar kakanninsu na neman ɓacewa. Ba gari ɗaya ake yi ba. Mullingar ta karɓa a 2022 da 2023, Wexford a 2024 da 2025. Tsakiyar garin ake rufe wa motoci, kina tafe ki ga yarinya 'yar shekara tara a bakin shago tana jan goge, ƙanenta na busa 'yar sarewar ƙarfe, kakansu na riƙe da bodhrán, gangar tafin hannu ta fatar akuya da ake kaɗawa da guntun itace. Babu dandamali, babu tikiti. Wani ya zo wucewa da nasa gogen, in ya san karin sai ya ja kujera ya shiga, ba tare da an gabatar da shi ga kowa ba.

Gasar kuwa a makarantu da ɗakunan taro ake yi, kuma nan ne za ki ga da gaske suke. Yaro ba ya zuwa matakin ƙasa sai ya ci na gundumarsa, ya ci na lardi. Akwai rukunin 'yan ƙasa da shekara 12, har zuwa na manya, wasu daga Ingila da Amurka suke zuwa. Ki nemi ɗakin da ake waƙar sean-nós, mutum ɗaya a tsaye yana rera waƙa da harshensu na asali ba kiɗa ko kaɗan. Ba sai kin ji yaren ba. Ki kuma nemi masu uilleann, algaitar da ake hura wa iska da zugazugi a ƙarƙashin gwiwar hannu maimakon baki, wadda UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2017. Mashaya na cika da dare, ba musu, amma wunin rana na yara ne da tsofaffi.

Batun jirgi. Manyan tashoshi biyu ne a Dublin, kuma sababbin zuwa na yawan rikita su. Heuston ce ta Galway, Cork da Limerick. Connolly ce ta Mullingar, Wexford da Belfast. Jirgin cikin gari na Luas, jan layi, yana haɗa su. Mullingar awa ɗaya da 'yan mintuna ce, ana iya zuwa a dawo a wuni. Wexford ta kai awa biyu da rabi, amma ku zauna ta hagu lokacin tafiya: bayan Bray jirgin yana bin gefen dutse, teku na ƙarƙashinku, in ya wuce tashar Wexford kuma ya rage gudu ya ratsa bakin ruwa kusa da masu tafiya a ƙasa. Sunayen tashoshin ma darasi ne ga yara. A 1966 aka raɗa wa wasu manyan tashoshi sunayen jagororin boren neman 'yancin kai na 1916 da Turawan Ingila suka kashe. Seán Heuston ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Éamonn Ceannt da tashar Galway ke ɗauke da sunansa kuma gwanin busa algaitar nan ne.

Ki sayi tikiti a intanet tun da wuri, ya fi araha, kuma za ki zaɓi kujeru ku zauna tare. 'Yan ƙasa da shekara 5 ba a biya musu. A makon biki sukan ƙara jirage, duk da haka ki duba lokacin na ƙarshe, don masauki a garin Fleadh ana kama shi tun watanni kafin ranar. Ki ƙulla guzurinku daga gida, naman halal a ƙananan garuruwa sai an nema, in ya ƙare kifi da soyayyen dankali ba ya yankewa. Ni da 'yar dardumata nake tafiya a jaka.

Abu ɗaya da maigida zai kula da shi: Belfast aka ba wa Fleadh na 2026. Jirgi daga Connolly awa biyu da ɗoriya ne kuma ba shinge a kan iyaka, amma Belfast ƙasar Birtaniya ce. Katin zamanku na Ayilan bai ba mai fasfon Najeriya ko Nijar izinin shiga ba, sai da bizar Birtaniya. Idan ba ku da ita, ku nemi bikin gunduma ko na lardi, ana yin su kafin Agusta a garuruwa da dama na wannan ɓangaren, kuma cunkoso bai kai ba.