Me ya raba kan masoya Star Trek a kan Dark Mirror?

Malam, ka tambayi dalilin jayayyar da ake yi kan wannan littafi na Diane Duane, wanda ta gina a kan shirin talabijin na Star Trek. A 1993 ya fito. A ciki Kyaftin Picard ya faɗa wata duniya kishiyar tasa, ya tarar takwaransa azzalumi ne, Daular Terran, wato muguwar daular 'yan Adam ta can, kuma tana nan daram. Kwatsam a 1994 shirin Deep Space Nine, wani reshe na Star Trek, ya nuna daular ta daɗe da rushewa. Nan fa wasu suka ce littafin ya tashi a banza. Ni kam ban yarda ba. Wurin da takwarar Troi, mai ba da shawara a jirgin Picard, take kutsawa cikin zukatan mutane tana gana musu azaba, har yau tsikar jikina na tashi. Nemo shi ka karanta.