Takalmin siki ɗaya zai iya ɗaukar tsalle da hawan tsauni?

Sannu ɗan'uwa. Ka ce kana neman takalmi ɗaya na siki, wato wasan zamiya kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna biyu a ƙafa, da za ka yi tsalle da juyi a filin wasa, kuma ka shiga tsaunuka da shi inda babu injin ɗaukar mutane sama. Na daɗe ina yin duka biyun, kuma abin da zan fara tambayarka shi ne: wanne ka fi yi? Domin buƙatunsu sun saɓa.

Mai tsalle yana son takalmin da zai lanƙwasa a hankali ya shanye dira, kada ya doki ƙwauri. Shi ya sa 'yan tsalle suke ƙaunar takalmi mai ɓangare uku, wanda harshensa yake daban, irin na kamfanin Dalbello da wanda Full Tilt ta yi a da, ƙirar da ta samo asali daga Raichle Flexon. Tauri, wato lambar da ke nuna wuyar lanƙwasa takalmin, tsakanin 90 da 110 ya wadatar da yawancin mutane. Amma kada lambar ta ruɗe ka, babu ma'auni guda da kamfanoni suka yarda da shi, 110 ɗin wannan ba 110 ɗin wancan ba ne. Kuma robar tana ƙara tauri cikin sanyi, abin da ka ji da laushi a ɗaki mai ɗumi zai sandare a kan dutse.

Mai hawa kuwa nauyi ne maƙiyinsa. Yana buƙatar sakatar baya da ake buɗewa wuyan takalmin ya saki idon sawu, da ramukan ƙarfe biyu a gaba na mariƙi (abin da ke riƙe takalmi a kan siki) mai fil, tsarin da Fritz Barthel ya ƙirƙira, Dynafit ta yaɗa shi. Irin waɗannan takalman ana yin su da roba mara nauyi kamar Grilamid, suna da daɗin tafiya, amma ba sa shanye girgiza kamar roba mai kauri. Da na yi ta dira da mara nauyi a kan ƙanƙara mai tauri, ƙwaurina ya daɗe yana ciwo.

Akwai na tsaka-tsaki, irin su Tecnica Cochise, Lange XT3 da Atomic Hawx XTD. Idan hawanka gajere ne, don ka kai ga dusar da ba a taka ba ka yi tsalle a can, su nake ba ka shawara. Idan kuwa kusan kullum kana fili kana zamiya a kan ƙarafa, sayi na tsalle zalla, ka yi hayar na hawa ranar da ka tashi.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya, wato dacewa da ƙafa. Ana auna tsawon ƙafa da santimita, kamar 26.5. Faɗi kuma da milimita: 98 na siririyar ƙafa, 100 matsakaici, 102 zuwa sama na mai faɗi. Cire shafin ciki mai laushi, ka zura ƙafa cikin kwanson roba na waje, yatsu su taɓa gaba, sannan a duba bayan dunduniya. Santimita 1.5 zuwa 2 daidai ne. In ya wuce haka ya yi maka yawa, ko da ka ji daɗinsa a tsaye. Shafin yana lotsewa bayan 'yan kwanaki, daga nan dunduniya ta fara ɗagawa. A wurin hawa wannan bororo ne, a wurin dira kuma yatsu su riƙa dukan gaba har farce ya yi baƙi. Gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa ɗaya siririya, ka yi kamar minti 20 da shi. Matsi a wuri guda mai gyaran takalmi zai iya ɗumama robar ya buɗa maka. Takalmin da ya yi girma ba shi da magani.

Don Allah ka duba tafin takalmin da mariƙinka kafin ka biya. Akwai ma'aunan tafin takalmi: ISO 5355 na fili, ISO 9523 na hawa, da GripWalk, kuma ba kowane mariƙi ke karɓar duka ba. In ba su dace ba, siki yana iya ƙin sakin ƙafa lokacin faɗuwa, gwiwa ce za ta ɗauki wahalar. Ni ba na son yin manyan tsalle da mariƙi mai fil zalla. Irin Salomon Shift ya fi kwantar mini da hankali, tunda ana hawa da fil, a sauko kamar da mariƙin fili.

Faɗa mana nauyinka da faɗin ƙafarka da mariƙin da kake da shi, sai mu taya ka tacewa.