Dole ne sai na san sunan Latin kafin in yi lambu?

Tambaya: Salam malam. Na fara ɗan lambu a bayan gida, amma duk sanda na shiga intanet neman iri sai in ga wasu sunaye masu karya harshe a jikin fakiti. Wai dole ne sai na san su? Ai mu ma muna da namu sunayen.

Amsa: Wa alaikumus salam hajiya, Allah ya sa albarka a lambun. Ba sai kin haddace ba. In wajen masu sayar da dashe na garinku za ki je, ki ce lalle ko zogale kawai, ba wanda zai ba ki wani abu daban. Rikicin yana farawa ne in ciniki ya bar gari. Darbejiya wani ya ce dogon yaro wani ya ce maina, a Nijar kuma bedi, alhali bishiya ɗaya ce, amma in kika rubuta Azadirachta indica to daga Indiya har Brazil kowa ya gane. Wani masanin tsirrai ɗan Sweden, Carl Linnaeus, shi ya daidaita tsarin a 1753, kalma biyu ne, ta farko sunan dangi ta biyu ta ware tsiron daga 'yan uwansa.

Kuma ta biyun nan kar ki yi wasa da ita. Yakuwa Hibiscus sabdariffa ce, rama Hibiscus cannabinus, sannan akwai Hibiscus rosa-sinensis furen ado da ake shukawa a ƙofar gida, to in kika yi oda kika ce Hibiscus kawai kina iya shekara kina ban ruwa ba ki ga zoɓo ko kofi ɗaya ba. Sanin dangin ma yana da amfani, ƙwarin da ke huda ganyen rama su ne dai za su koma kan yakuwa.

Inda na fi damuwa shi ne abin da za a ci ko a sha a matsayin magani. Zogale wasu na ce masa bagaruwar Makka, amma ba ruwansa da bagaruwar da majema ke jima da ita, shi Moringa oleifera ne, ita kuma Vachellia nilotica, a tsofaffin littattafai za ki gan ta da Acacia nilotica don masana sun canza mata dangi.

Ki samu ɗan katako ki rubuta sunan Hausa a sama na Latin a ƙasa ki kafa a gindin kowace shuka, fakitin irin kuma ki adana shi don odar gaba.