Tambaya da Amsa: Injin tururin kakanmu, mu tada shi ko mu sayar wa 'yan gwangwan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Daga Kaura Namoda nike rubuto maka. Akwai wani tsohon inji a bayan gidanmu, mai babbar tukunya kwance bisa tayoyin ƙarfe huɗu da dogon bututun hayaƙi, kakanmu ya saye shi a gwanjo bayan ya bar aikin reluwe, don shi mai zuba kwal ne a jirgin ƙasa, an ce har niƙa anka yi da shi kafin injin gas ya shigo. Babanmu Allah ya jiƙan shi ya kwance wasu sassan zai gyara, rai ya yi halinsa, yanzu suna cikin buhuna. Toh 'yan gwangwan sun zo sun taya, yayyena na son a sayar a raba, ni kuma so nike in ƙarasa abin da baba ya faro. Wani mai walda ya ce zai liƙe inda tukunyar ta huje mu hura wuta mu gani. Mi ka gani?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan magabata. Dan Allah kar ka hura wutar nan, ko da karan dawa ɗaya ne. Mai waldan ba mugunta yake nufi ba, tankin ruwa ya saba liƙewa, shi ko tankin ruwa in ya gaza yoyo kawai zai yi.

Tukunyar injin tururi daban take. A rufe take ruf, ruwan ciki yana wuce zafin tafasa na digiri 100 amma matsi ya hana shi tashi, ranar da ƙarfen ya tsage sai wani sashe na ruwan nan ya rikiɗe tururi lokaci guda, kuma ruwa in ya zama tururi yana cin wuri ninki wajen 1,600 na yadda yake, kaga ba maganar ƙonewa kaɗai ake ba, katanga ce za ta kwanta a kan mutane. Tukunyar da ta sha damina shekara da shekaru a waje, tsatsa daga ciki take cin ta, musamman ƙasan inda ruwa ke kwanciya da jikin akwatin wuta da siraran bututan da suka ratsa ta. Daga waje sai ka ƙwanƙwasa ka ji garau, alhali kallon kitse kake wa rogo. Hujin da ka gani ma alama ce kewayensa duk ya sirance. Masu wannan sana'a ba sa gwaji da wuta, cika tukunyar suke da ruwan sanyi har baki su matsa da famfo zuwa ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da take aiki da shi, in za ta gaza ta gaza da ruwan sanyi, sai ɗan tsartuwa. Sannan a auna kaurin ƙarfen, a duba bawul ɗin da ke sakin tururi in ya yi yawa, da gilashin da ke nuna ruwa. Wannan aikin injiniyan tukunya ne, irin waɗanda suka yi aiki a masaƙu ko matatar man gyaɗa, kuma gaskiya kuɗin da zai ci ba na wasa ba ne.

Amma shi injin kansa, wato silinda da fistin da sandar da ke juya babbar tayar, ai wannan abu ne mai jure wuya, kuma ba sai da tururi zai motsa ba. Iska ma tana juya shi. In ka haɗa shi ya koma daidai, ka ari kwamfresar mai faci, ka sa masa iska kaɗan kaɗan, za ka ga tayar ta juya ka ji numfashinsa. Ni a ganina nan ya kamata burinka ya tsaya, a bar tukunyar a matsayin abin kallo.

Ka fara da neman farantin tagulla ko rubutun da aka zuba a jikin ƙarfen, nan ne sunan kamfani da lambar injin suke. Irin mai tayoyin nan da ka kwatanta Ingila ce ta fi ƙera su, kamfanoni irin su Marshall na garin Gainsborough da Ruston na Lincoln. Na ji daɗi da ka ambaci tukunya da bututun hayaƙi, don mutane da yawa tsohon Lister mai shan gas suke kira injin tururi saboda tankin ruwansa na hucin zafi. Kar ka yi fenti tukuna, kar ka sa guduma. Sassa irin su silindar da babbar tayar ƙarfen zubi ne, tsagewa yake ba ya lanƙwasa, kuma in ya tsage waldarsa sai gwani. Notin da ya ƙi kwancewa a jiƙa shi da gas ko kalanzir a ba shi kwanaki. Ka zazzage buhunan baba a kan tabarma ka ɗauki hoton kowane ƙarfe da waya kafin ka taɓa, abin da ya ɓace kuma masu feƙe ƙarfe da inji za su iya fitar da sabo, a Panteka ta Kaduna akwai hannun da zai yi.

Labarin kakanku ma ya zauna daidai da tarihin garin. Layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau ya iso Kaura Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga, jiragen lokacin kuma da kwal ɗin Inugu suke tafiya. Wanda ya yi shekaru yana kallon gilashin ruwa da allurar matsi a kan jirgi shi ne zai iya siyan irin wannan inji ya riƙe shi lafiya. Wannan ilimin ne ya tafi da shi, ƙarfen kawai ya bar muku. In akwai tsofaffin 'yan reluwe da suka rage a Kaura ko Gusau, ko gwaggonninku da suka ga injin yana aiki, ka je da waya ka naɗi muryarsu tun yanzu.

Sai batun yayyenka, kuma a nan ba zan goyi bayanka ido rufe ba. Injin nan gado ne, kowa da haƙƙinsa a ciki har mata, son tarihi ba ya ba ka ikon riƙe rabon wani, ga shi ana cikin wani hali, wanda ke son kuɗinsa bai yi laifi ba. Ku zauna da malamin da ya san rabon gado, a yi masa kuɗi, in kana da hali ka biya su nasu ko da kaɗan kaɗan ne, a rubuta da shaidu. Abin da kawai zan roƙe su kar a yi farashi da sikelin 'yan gwangwan kaɗai, su nauyi suke siya, gobe da safe za su yanka shi da wuta. Ka turo mana hoton farantin da na cikin akwatin wutar, in lambar ta fito sai mu duba ko za a gane shekarar da aka ƙera shi.